Maraɗi ko Kano: Ina Ne Aljihun Falke Ya Fi Hutawa?

'Yan'uwa fatake, wannan gardama ta daɗe a rumfunan kara. Wani ya ce zaman Kano ya fi sauƙi, gara ya kwashe iyali ya koma can. Wani ya ce a'a, Maraɗi ko ba komai kana sanin abin da jikarka za ta saya gobe. To, bari mu aza abin a kan sikeli, don maganar ta shafi tukunyar gida, ta kuma shafi jari.

Farko dai a duba kuɗin kansu. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai: yuro 1 sefa 655 ne da ɗoriya, kuma tun karyewar Janairun 1994, da aka raba darajarta biyu, ba a sāke taɓa ta ba. Naira kuwa an sake ta ta bi kasuwa a Yunin 2023. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi a Nijeriya ya wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar.

Ga misali. A 2024 Nijeriya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Nijar kuma jika 42. A baki na Nijeriya ya fi kauri, amma da a lokacin ka kai shi Wapa wajen 'yan canji, bai cika jika 30 ba. Ka ga ke nan Kano gari biyu ne: mai araha ga wanda ya shigo da sefa, mai tsada ga wanda ke ci da naira.

Sai mai. Shekara da shekaru man Nijeriya na bakin hanya ne ke tuƙa kabu-kabun Maraɗi. Da aka cire tallafi ran 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A shekarar ce kuma Nijar ta sauko da tata zuwa sefa 499. Ratar da ake ci a da ta kusa rufewa, kuɗin tirela daga Maigatari ko Wudil zuwa Kudu ya tashi, kuma a kan kowane sa yake faɗawa.

Wajen masauki Maraɗi ta yi gaba. Hayar gida a Kano ta fi nauyi, kuma yawancin masu gida kuɗin shekara suke so a dunƙule. A Maraɗi an fi biya wata-wata. Falke ya san bambancin: kuɗin shekara ɗin nan karsana ce ta fita daga garke.

Kano kuma ta yi gaba wajen kayan masarufi. Atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan gyaran mota, robobi, hatsi a Dawanau, can ne tushen sari. Kafin su iso Maraɗi sun biya mota, sun biya duwan, sun biya shingayen hanya ta Jibiya da Ɗan Isa. Shi ya sa duk ranar da aka rufe iyaka Maraɗi ke fara jin jiki. An gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sāke gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke har da wutar lantarki, sai a 2024 aka janye takunkumin.

To, mu fatake a ina muka faɗa? A tsakiya. Da sefa muke saye, da naira muke sayarwa, ciki kuwa bai san canji ba. In dillali ya ce a bar kuɗi bashi sai bayan kasuwa uku, naira ta zame a tsakani, ribar ta tafi tun kana kwance a masauki, ga abinci, ga dusa da harawa, ga la'ada. Kar kuma a manta da wahalar takardun naira a farkon 2023, ko hana fitar da dabbobi da Nijar ta yi a Mayun 2025 gab da Babbar Salla. Mai iyali a Kano, shanu a Nijar, ya san yadda ya kwana.

Saboda haka shawararmu uku ce. Ka lissafa cefanen gida da kuɗin da kake sayen shanu da su, ba da waɗanda kake karɓa ba. Kar ka bar naira ta daɗe a hannu: ko ka canza, ko ka mai da ita kaya ka hauro da su. Kuma kafin ka ɗaga iyali, ka riƙe littafi na wata uku, ka rubuta tiyar hatsi, haya, mai da magani a garuruwan biyu, kowanne da canjin ranar.

Mai ci da sefa, Kano kasuwarsa ce, Maraɗi gidansa. Wanda cinikinsa duka ya koma naira, shi ne ke da dalilin tunanin ƙaura. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare hanya, amin.