Abin da ya faru da 'yan Norway suka fara leƙen aljihun juna

Wajen ƙarshen shekarar 2001 kakar 'yan sa ido ta yanke saƙa a ƙasar Norway. Tun ƙarni na 19 dokar ƙasar ta bar takardun haraji a buɗe, amma duk mai son sanin samun wani sai ya taka har ofishin hukuma, ya zauna yana buɗe kundi, idon ma'aikata a kansa. Mai kunya ba ya zuwa. A shekarar nan ce jaridu suka ɗora bayanan a intanet. Daga nan, kana kwance a ɗakinka da tsakar dare, sai ka rubuta sunan maƙwabcinka, ko shugabanka na wurin aiki, ko wanda ya zo neman auren ƙanwarka, ka ga abin da ya samu a shekara, da dukiyar da ya mallaka, da harajin da ya biya. Ba kuma wanda zai san ka leƙa.

Aka yi ta leƙe ba ƙaƙƙautawa, musamman a watan Oktoba da ake fitar da sabon lissafi a wancan lokacin. Har manhajoji aka ƙirƙiro masu jera wa mutum abokansa na Facebook daga mai kauri zuwa mai ƙaramin ƙarfi. An kuma yi ta samun ƙorafin cewa yara na tsokanar 'yan ajinsu a makaranta saboda samun iyayensu bai taka kara ya karya ba.

Masanin tattalin arziki Ricardo Perez-Truglia ya ga dama ta samu. Akwai wani binciken jin ra'ayi da aka daɗe ana yi a ƙasar, inda ake tambayar mutane yadda suke jin daɗin rayuwarsu. Ya ɗauki amsoshin daga 1985 zuwa 2013, ya gwama na kafin 2001 da na bayanta. Sakamakon da ya wallafa a 2020 ya nuna cewa tazarar farin ciki tsakanin masu hali da marasa hali ta ƙaru da kashi 29 cikin ɗari. Canjin ya fi bayyana a wajen masu intanet, kuma da ya duba Jamus, inda ba a yi irin wannan fallasa ba, bai ga alamarsa ba. A lura: intanet ba ta rage wa kowa ko sisin kwabo daga albashinsa ba. Tuwon da ke kwanon mutum jiya shi ne a ciki yau. Abin da ya sauya kawai shi ne ya ga na kusa da shi.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya yi bayanin dalili. Ya ce idan mutum ba shi da ma'aunin da zai auna kansa da shi, sai ya auna da mutane, kuma ba da kowa ba, da sa'o'insa. Malamin firamare ba ya rasa barci don dukiyar Aliko Ɗangote. Abin da ke hana shi barci shi ne abokinsa da suka fito kwaleji rana ɗaya, wanda ya ɗora bene. Samun kuɗi kuwa yana cikin abubuwan da ba su da ma'auni na kansu. Nawa ne "ya isa"? Ba mai amsa wannan sai ya waiwaya.

A wani bincike da suka wallafa a 1998, Sara Solnick da David Hemenway sun yi wa ɗalibai da ma'aikata 257 na sashen kiwon lafiyar al'umma na Jami'ar Harvard tambaya mai ban dariya. Ka zaɓi ɗaya: ka samu dala 50,000 a shekara sauran jama'a na samun 25,000, ko ka samu dala 100,000 su kuma suna samun 200,000, farashin kaya bai canza ba. Kusan rabinsu suka zaɓi ta farko. Wato sun yarda su yar da rabin arzikinsu muddin dai su ne a sama. Da aka juya tambayar zuwa kwanakin hutu, mafi yawa suka ce a ba su hutu mai tsawo ko da na wasu ya fi nasu. Ashe ba a komai ake gasar ba. A kan abin da ke nuna matsayi ake yin ta.

Wani zai ce ai lissafin ya tashi canjaras, tunda abin da na ƙasa ya rasa na farin ciki na sama ya samu. Wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya bai goyi bayan haka ba. A 2008 jaridar Sacramento Bee ta buɗe shafin da ke nuna albashin ma'aikatan gwamnatin jihar, har da na jami'arta. David Card da abokan aikinsa uku suka zaɓi wasu ma'aikata a rassan jami'ar uku, suka aika musu da saƙon cewa ga shafi nan. Mafi yawan waɗanda suka shiga, albashin 'yan sashensu suka duba, ba na manyan shugabanni ba. Da aka koma aka tambaye su, waɗanda suka tarar suna ƙasa da matsakaicin albashin sashensu sun ce aikin ya fara fita musu a rai, kuma da yawansu sun ce za su nemi wani. Waɗanda suka tarar suna sama fa? Ko gezau. Ba su ƙara jin daɗin komai ba. A wannan jami'a dai ciwo ya ƙaru, daɗi bai ƙaru ba.

Da a zuci abin yake tsayawa da da sauƙi. Yana sauka aljihu. A Holan akwai cacar da ake fitar da sakamakonta ta lambar unguwa: duk mai tikiti a layin da aka zaɓa yana samun kuɗi, ɗaya daga cikinsu kuma a ba shi sabuwar BMW. Masu bincike suka bi sawun waɗanda ba su sayi tikiti ba, ba su ci komai ba, amma gidansu na jikin na wanda ya ci. Cikin wata shida, sun fi sauran mutane yiwuwar sauya mota. A Kanada labarin ya fi muni: an gano cewa gwargwadon yawan kuɗin da wani ya ci a caca, gwargwadon yadda maƙwabtansa na kusa ke faɗawa bashi har su kai ga bayyana karayar arziki. Duk wanda ya taɓa ganin uba ya sayar da gona don kada a ce kayan ɗakin 'yarsa bai kai na 'yar wansa ba, ko matar da ta ci bashin 'yar adashe don anko, ya san wannan ba ciwon Turawa ba ne kaɗai.

To sai a rufe komai ke nan? Ban ga haka ba, su ma 'yan Norway ba su ga haka ba. Fallasar ta yi rana: wani bincike ya nuna cewa bayan 2001 kuɗin shigar da masu sana'ar kansu ke bayyana wa hukuma ya ƙaru da kimanin kashi 3 cikin ɗari, domin da wuya ka ce ba ka samu komai ba alhali maƙwabta na kallon motar da ke ƙofar gidanka. Dabarar da suka yi a 2014 mai sauƙi ce. Bayanan na nan a buɗe, amma sai ka shiga da lambar shaidarka, kuma wanda ka leƙa zai ga sunanka. Nan take leƙen ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Mai dalili na gaske ya ci gaba da dubawa, ɗan tsegumi kuwa kunya ta kama shi.

A Najeriya abin a baibai yake. Samun maƙwabci da na abokin karatu kullum yana gaban idonmu a WhatsApp da wuraren biki, sau da yawa ma na ƙarya ne, na kece raini. Wanda ya kamata mu gani kuma a kulle yake. Tsarin mulki ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma takardun ba sa zuwa hannun jama'a sai in mutum ya ga dama, kamar yadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fitar da nasa a 2007. Idan akwai aljihun da talaka ke da haƙƙin leƙawa, na wanda ke riƙe da baitulmali ne, kuma ya kamata majalisa ta sa a buɗe shi.