Ruwa yana bin gishiri

Ku yanka albasa, ku barbaɗa mata gishiri, ku aje ta cikin tasa. Kafin a tashi daga aji za ku ga ruwa ya taru a gindin tasar, albasar kuma ta yi laushi. Ba wanda ya zuba ruwa. To, daga ina ya fito?

Albasa da hatsi da akuya da mu kanmu, duk an gina mu da ƴan ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da mikroskop, wato madubin ƙara girman abu. Sunansu ƙwayoyin halitta. Wani mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganinsu a ɓawon itace a 1665. Kowace ƙwaya tana da tantani da ya kewaye ta. Tantanin nan rariya ce mai zaɓe: ruwa yana wuce ta da sauƙi, gishiri da sukari kuwa sai ta ƙofa ta musamman.

In akwai ruwa ciki da wajen tantani, ɗaya mai gishiri da yawa, ɗaya mai kaɗan, sai ruwa ya riƙa tsallakawa zuwa wajen mai yawa. Wannan shi ake kira osmoz. Gishirin da kuka barbaɗa shi ya janyo ruwan albasa waje. Ku tsoma ganyen yakuwa da ya yi yaushi cikin ruwan randa, ku ga akasin haka: ruwa ya shiga ƙwayoyin, ganyen ya miƙe. Ƙwayar tsiro tana da bango mai tauri bayan tantaninta, don haka takan cika tam ba ta fashe ba. Ƙwayar jini ba ta da bango. In aka sa ta cikin ruwa zalla, sai ta kumbura ta fashe. Shi ya sa ruwan gishirin da likita ke ƙara wa maras lafiya ta jijiya yake da gishiri giram 9 a kowace lita.

Saiwar hatsi ma ta osmoz take shan ruwa. Manomin da ya tula takin zamani a gindin shuka, ruwan sama kuma bai zo ba, ya mai da ƙasar ta fi saiwar gishiri. Sai ruwa ya juya, ya fita daga saiwa. Shi ne ake cewa taki ya ƙone shuka, alhali ƙishirwa ce ta kashe ta.

Akwai kuma bazuwa. In an kunna turaren wuta a kusurwar ɗaki, ƙamshin yakan bazu daga inda ya yi yawa zuwa inda babu. Haka iskar oksijan take shiga jini daga huhu. Osmoz da bazuwa kamar gangara suke, ƙwaya ba ta kashe ƙarfinta.

Amma wani lokaci sai an yi hawa. Saiwa tana bukatar sinadarai irin su fotash, waɗanda sun fi yawa a cikinta bisa ga cikin ƙasa. Dole ta jawo su da ƙarfi, kamar mai jan guga daga rijiya. Ƙarfin nan daga numfashi yake zuwa, don saiwa ma tana numfashi. Kun taɓa lura da hatsin da ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki? Saiwarsa ta rasa iska, ta kasa aiki, ganyen ya yi ɗorawa.

Hanjinmu ma yana irin wannan ja. Yakan ɗauki gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su zuwa jini. Saboda haka ake ba yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A auna da kyau, don in sukari ya wuce awo sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru. A riƙa ba yaron kaɗan kaɗan, a kuma kai shi likita.