El Nino da kifin Peru: Darasin 1972 da na 2023

A gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Peru, ruwan sanyi shi ne arziki. Iskar da ke kaɗawa tana kore ruwan saman teku daga gaɓa, sai mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa. Da waɗannan tsirrai wani ɗan kifi mai suna ancobeta yake rayuwa, shi kuma a kansa tsuntsayen teku da masuntan garuruwa irin su Chimbote suka dogara.

Duk bayan shekara 2 zuwa 7, iskar takan yi rauni, ruwan ɗumi ya malalo daga yamma ya danne mai sanyi. Abinci ya yanke, kifi ya nutsa ƙasa ko ya yi kudu, tsuntsaye su mutu da yunwa. Masuntan Peru ne suka laƙaba wa yanayin suna El Nino, wato "Yaron", domin yakan bayyana dab da Kirsimeti.

A 1970 Peru ta kama ancobeta sama da tan miliyan 12. Da ɗumin 1972 ya zo, kifin ya taru a ragowar ruwan sanyi kusa da gaɓa, jiragen kamun kifi suka yi ta kwasa. A 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba, kuma sai da aka yi kusan shekara 20 kafin kifin ya farfaɗo. Da yake garinsa ake sakawa a abincin kaji da dabbobi, ƙarancinsa ya taimaka wajen tashin farashin waken soya, har Amurka ta taƙaita fitar da shi a 1973.

A 2023 El Nino ya dawo. Cibiyar binciken teku ta ƙasar, IMARPE, ta gano cewa ƙananan kifi sun yi yawa a cikin abin da ya rage, gwamnati ta soke kakar kamun farko a babban yankin kamun kifi. Masunta da ma'aikatan masana'antu sun ji jiki, amma a 2024 an koma teku da izinin kama sama da tan miliyan 2 a kakar farko.

Babu gwamnatin da ta isa ta hana teku ɗumi. Abin da ke hannunta shi ne ta saurari masana, ta tsayar da jirage a lokacin da kifi ya raunana, ta kuma tallafa wa masunta har ya farfaɗo.