Baƙin Mai: Ƙaramin Kashin Kuɗi da Ke Tsare Jarin Masu Motocin Haya a Suleja

Tun da aka mayar da hedkwatar Nijeriya Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama makwancin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa masu sammakon shiga birnin tarayya ta Madalla da Zuba. Wannan zirga-zirga ce ta raya sana'ar motocin haya a garin, kuma jarin mai mota kacokan yana rataye ne a kan lafiyar injinsa.

Baƙin mai shi ne jinin inji. Famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon ƙasan inji, ya bi da shi ta filta, sannan ya tura shi zuwa karanshaf da fistin domin kada ƙarfe ya goge ƙarfe. Yana kuma rage zafi da kwashe datti. Idan ya tsufa ko ya yi ƙasa, sai ƙarafa su ci juna, inji ya buga.

Kanikawa kan ba da shawarar juye mai tare da sauya filta bayan kimanin kilomita 5,000 ga mai na gama-gari. Sai dai motar da ke yini cikin cunkoson Madalla, ga ƙurar hunturu, tana gajiyar da mai kafin wa'adin, domin inji na aiki ko da mota na tsaye.

Matsalar ita ce tsada. An gina sashen man inji a matatar Kaduna a 1983, amma da aikinta ya durƙushe, masu haɗa mai suka dogara da shigo da tushensa daga waje. Faɗuwar darajar Naira a 2023 ta ɗaga farashi, abin da ya buɗe ƙofa ga algus: tsohon mai da aka tace aka zuba a sababbin galan-galan. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama irin wannan haja.

Saboda haka ya wajaba mai mota ya sayi mai daga amintaccen dila, ya duba hatimin murfi, ya auna mai kowace safiya kafin tayar da inji, ya kuma kashe mota nan take idan jar fitilar mai ta kama. Kuɗin galan guda bai kai na sauke inji ba, balle kwanakin da mota za ta yi a gareji babu ciniki. Araha dai ba ta ado.