Ko Ka San Abin Da Ke Sa Kwamfuta Ta Tashi Yau, Gobe Ta Ƙi?

Duk wanda ya taɓa sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai ya harhaɗa da hannunsa ya san wannan takaicin. Jiya ya danna maɓalli, ta tashi lafiya lau. Yau fankoki na juyawa, fitilu na ci, amma allo baƙi ƙirin. Ya ɗauke ta niƙi-niƙi zuwa shagon mai gyara, ana jona ta sai ta tashi, ta bar shi da kunya. Masu gyara sun fi son wadda ta mutu murus, don ita ba ta ɓoye ciwonta.

Ko ka san kafin Windows ya bayyana, kwamfuta kan yi wa kanta gwajin da ake kira POST? Akwatin wuta ne ke buɗe fage. A tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, sai wuta ta daidaita sannan akwatin ya aika wa babban allon kwamfuta, wato madabod, saƙon cewa komai ya yi daidai, kuma cikin rabin daƙiƙa ake son saƙon ya iso. Idan akwatin ya tsufa, kayan cikinsa sukan yi sanyin jiki a lokacin sanyi. Shi ya sa wata kwamfutar ke ƙin tashi da sassafe, amma da ta ɗan ɗumama sai ta kama aiki.

Daga nan sai RAM, wadda ta fi kowa laifi a wannan harka. Dubi bakinta: jerin siraran haƙora ne masu ruwan zinariya, kuma kowanne sai ya taɓa abokinsa a cikin rami. In ba a danna ta har makullin gefe ya yi ƙas ba, ko ƙura ta shige, to yau su haɗu, gobe su rabu. A yawancin madabod masu ramuka huɗu, idan RAM biyu ce, rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. Ƙara mata gudu ta hanyar XMP ko EXPO ma kan jawo wannan taurin kai. Ita kuwa RAM irin DDR5, a kunnawar farko tana iya ɗaukar mintuna allo na baƙi tana daidaita kanta, mai gajen haƙuri ya kashe ta yana zaton ta lalace.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a jikin madabod, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. In ya yi sanyi, agogo ya rikice, saitin BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfutar, ya goge.

Kwamfuta dai ba ta rasa bakin magana. Madabod da yawa na da ƙananan fitilu huɗu: CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, nan gwajin ya maƙale.

Maganin shi ne haƙuri. Zare wayar wuta tukuna. Cire duk abin da ba dole ba, ka bar RAM guda. Tabbatar babbar wayar nan mai baki 24 da ta furosesa sun shige sosai. Kada ka buɗe akwatin wuta, yana riƙe caji ko a kashe yake. Aro wani ka gwada. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka kunna sau da yawa, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ya gyara ba, kuma ranar da ta sake ƙi, daga farko zai faro.