Daga Tattabara Zuwa Butar Shayi: Abin da Waya da Kwamfuta Suka Yi a Ƙuruciya

Yau tsofaffin wayoyi da kwamfutoci za mu tona wa asiri, sai a gyara zama.

Tun kafin lantarki ya shigo harkar, Faransa tana da tangarahonta na katako. Daga 1794 aka jera hasumiyoyi tsakanin Paris da Lille, kowace da hannuwa masu juyawa a ƙololuwa, ma'aikaci ya hango na maƙwabcinsa da madubin hangen nesa, ya kwaikwaya, saƙo ya yi gaba. Da magariba ta yi ko hazo ya sauko, shi ke nan, sabis ya ɗauke.

A kan irin wannan layi aka yi wata ƙwaryar damfara. A 1834 wasu 'yan'uwa biyu masu cinikin hannun jari a Bordeaux suka sayi wani ma'aikaci a Tours, yana cusa kuskuren ganganci cikin saƙon gwamnati, su kuwa daga kuskuren suke gane ko kasuwar Paris ta tashi ko ta faɗi, tun kafin wasiƙa ta iso. Shekara biyu suna kwasar garaɓasa, da asiri ya tonu aka nemi dokar da za ta ɗaure su aka rasa. 'Yan kutse, ga kakanninku nan.

Mutumin da ya buga tangarahon lantarki daga Washington zuwa Baltimore a 1844, asalin sana'arsa zanen fuskokin manyan mutane. A tsarinsa na ɗige da ja, harafin E ɗige ɗaya ne tal, domin an leƙa akwatin haruffan wata maɗaba'a an ga shi ya fi kowa yawa. Wanda ya fi zirga-zirga shi aka rage wa kaya.

Na'urar fas ta girmi tarho. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan ya yi rajistar fasaharta a 1843, tarho kuwa sai 1876. Wanda muke kira ƙane, ashe shi ne yaya.

A 1850 wayar tangaraho ba ta haɗa Brussels da Aachen ba, sai wani mai sayar da labarai ya cike giɓin da tattabaru, suna riga jirgin ƙasa kai farashin kasuwa. Shekara ashirin bayan haka, da sojoji suka yi wa Paris ƙawanya, a balan-balan ake fitar da tattabaru, su komo ɗauke da dubban wasiƙu da aka ƙanƙance a ɗan fim. Albashi kuwa hatsi da ruwa, ba a taɓa jin yajin aiki ba.

Wayar farko da aka shimfiɗa ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ta kwashe kimanin awa 16 kafin ta kai gaisuwar sarauniyar Ingila mai kalmomi 98 zuwa Amurka. Duk da haka mutanen New York suka yi ta wasan wuta har rufin zauren birnin ya kama da gobara, wayar kuma ta mutu bayan kamar mako uku. Murna ta koma ciki.

Da aka shimfiɗa mai ƙarko a 1866, saƙo ɗaya, komai gajartarsa, dala ɗari ne. Rigar da ta hana ruwa taɓa tagullar kuwa ƙaron wata bishiya ce ta ƙasar Malaya. A wannan farashi babu mai tambayar gida da gajiya.

A 1859 rana ta yi wani aman wuta da ya sa wayoyin tangaraho tartsatsi. Ma'aikata biyu, ɗaya a Boston ɗaya a Portland, suka cire batur gaba ɗaya, suka ci gaba da aika saƙo kusan awa biyu da lantarkin da ya zubo daga sama. Wutar banza, ba mita ba takardar kuɗi.

Masu haɗa layin tarho na farko samari ne 'yan shekara goma sha, amma ashar da kokawa da tsokanar masu kira suka hana aiki tafiya. A 1878 aka fara ɗaukar mata a Boston, nan da nan aikin ya koma hannunsu. Samari sai a nemi wata sana'ar.

A shekarar ce kuma aka buga littafin tarho na farko a New Haven: falle ɗaya, suna hamsin, babu lamba ko ɗaya. Ka ɗaga waya ka ce a ba ka wane, a ba ka wane.

Wannan ta fi ba ni dariya. Ana ba da labarin wani mai sana'ar binne gawa a Kansas City da ya ga ciniki ya ja baya, ya zargi mai haɗa layi, wadda aka ce matar abokin gasarsa ce, da karkatar da kiran masu makoki zuwa shagon mijinta. Haushin abin ya sa ya ƙera na'urar da ke haɗa layi da kanta, ya yi mata rajista a 1891. Kishi ba na mata kaɗai ba ne.

Legas ta samu wayar teku zuwa Landan tun 1886, amma har shekarar 2001 layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da salula ta iso a wannan shekara, layi kawai sai mutum ya ajiye naira dubu ashirin ko fiye, kuma minti ake ƙirgawa, ba daƙiƙa ba. Nan aka haifi filashin, har yau bai tsufa ba.

Wayar hannu ta farko da aka yi kira da ita a titin New York a 1973 ta haura kilo ɗaya, kamar bulo, tana shan caji awa goma ta yi magana rabin awa. Wa injiniyan ya fara kira? Abokin hamayyarsa na wani kamfani, don ya sanar da shi an riga shi.

Saƙon farko a kakan intanet, a watan Oktoban 1969, LOGIN aka so rubutawa daga Los Angeles. An buga L, an buga O, na'ura ta sume. Da haka aka fara, saboda haka a rage fushi da netiwok.

To, mu leƙa wajen masu zane. A 1839 masaƙan Lyon suka saƙa hoton wani mutum da siliki, masaƙar tana bin umarnin katuna masu huji har 24,000, wanda ya gani sai ya rantse bugun maɗaba'a ne. Irin katunan ne kwamfutoci suka gada, suka ci abinci da su har shekarun 1970. Masaƙa, a ba ku girmanku.

A 1898 wata mata a Ingila ta zana malam-buɗe-littafi da tafireta, tana jujjuya takarda tana buga baka da ɗige da ja. Ma'aikatan tangarahon rediyo su ma sun riƙa aika wa juna hotunan haruffa in aiki ya lafa. Tun ba yau ba ake ɓata takardar ofis.

Hoto na farko da aka shigar cikin kwamfuta, a 1957, na wani jariri ne ɗan wata uku, ɗan injiniyan da ya ƙera na'urar. Ɗige 176 a tsaye, 176 a kwance, faɗinsa santimita biyar. Uba dai uba ne.

Masu zane da kwamfuta na farko ba sa ganin abin da suke zanawa. Sai su huda katuna, su miƙa wa ma'aikacin na'ura, su tafi su jira wani alƙalami mai hannun ƙarfe ya ja layi a takarda, in waƙafi ɗaya ya kuskure a sake daga farko. Da aka baje irin wannan zane a Stuttgart a 1965, ana cewa wani malamin zane ya tambaya cikin fushi ko na'urar za ta iya kwaikwayon hannunsa, aka ce masa za ta iya in zai bayyana yadda yake yi. Malam ya fice bai bayyana ba.

A Amurka kuwa wani injiniya ya sa kwamfuta ta kwaikwayi zanen 1917 na wani shahararren mai zane ɗan Holan, ya nuna wa mutum 100 kwafin biyun. Mutum 28 kaɗai suka gane na na'ura, 59 suka ce ma shi ya fi musu kyau. Amma a wani baje kolin zanen kwamfuta da aka yi a New York a 1965 ko zane ɗaya ba a saya ba. Yabo kyauta ne, aljihu daban.

A Mosko, 1968, masana lissafi suka rubuta yadda kyanwa ke taku da ƙa'idojin lissafi, kwamfuta ta buga ta da haruffa a ɗaruruwan takardu, aka ɗauki hotonsu bi da bi ta tashi tana tafiya. Kyanwa ta shiga kwamfuta tun a lokacin, ba ta fita ba.

A 1975 wani mai bincike a Utah ya rasa abin da zai gwada zane mai siffa da shi, matarsa ta nuna masa butar shayin da ke gabansu. Ya auna ta, ya shigar da lambobin ba tare da gindi ba, kuma wadda duniya ta sani a allo ta fi ta gaskiyar gajarta. Yanzu butar na gidan tarihi a Kalifoniya, ta yi ritaya daga shayi.

Kyamarar intanet ta farko ma tukunyar kofi take gadi. Masu bincike a Cambridge sun gaji da hawa bene su tarar da ita wayam, sai a 1991 suka kafa mata ido, aka kashe shi a 2001. Ƙyuya ma takan haifi abin kirki.

Masu son buga tangaraho a Indiya kuwa, a yi haƙuri, kun makara: ƙasar ta rufe nata a watan Yulin 2013, mutane na layi har dare don aika na ƙarshe.