Because ko because of? Inda “saboda” ke yaudarar ɗalibi

A jarrabawar Ingilishi akan bar gurbi a cikin jimla, a ce ɗalibi ya zaɓa tsakanin because, because of, due to da thanks to. Ɗalibi Bahaushe yakan fassara su duka da “saboda”, sai ya ga babu wani bambanci. Tushen kuskuren ke nan, domin “saboda” tana karɓar suna, kamar “saboda ruwa”, tana kuma karɓar cikakkiyar ganga, kamar “saboda an yi ruwa”. Ingilishi ya raba waɗannan ayyuka biyu, kamar yadda Faransanci ya raba parce que da à cause de.

Don haka abin dubawa shi ne ginin abin da ya biyo bayan gurbin. Idan ganga ce mai ɗauke da aikau da aikatau, amsar ita ce because: The match was cancelled because it rained. Idan yankin suna ne, sai because of: The match was cancelled because of the rain.

Masu tsara tambayoyi sun san ana haddace wannan ƙa’ida, shi ya sa suke ɗana tarko. Dubi wannan: ___ the rain that fell last night, the road was closed. Ganin fell yakan sa ɗalibi ya yi gaggawar zaɓar because, alhali aikatau ɗin yana cikin ganga ce mai siffanta rain. Dukkan sashen yankin suna ne, daidai da “ruwan da aka yi daren jiya”. Amsar ita ce because of.

Game da due to, tsofaffin masu nahawu sun keɓe ta ga bayan aikatau be: The delay was due to fog. Gwajin da ake yi shi ne a sa caused by a madadinta, idan jimlar ta zauna, to ta dace. Ingilishin yau ya sassauta wannan sharaɗi, amma idan due to da because of sun haɗu a zaɓi guda, tsohuwar ƙa’idar ake nufi.

Thanks to kuwa ta fi zuwa da sakamako mai daɗi, kamar “albarkacin” ko grâce à. A nan ne ma’ana ke yanke hukunci, bayan an gama tantance ginin jimla.